Ƙwaryar Inna da Jarkar Ilham

"Kaka, me ya sa ƙwaryarki take majina?"

Ilham ce ta yi tambayar. Tana tsugune a gaban ƙwaryar kindirmo, ta tsoma yatsa ta ɗago, wani farin zare yana biye da yatsar ya ƙi tsinkewa. Shekarunta huɗu, kuma ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Maƙwabta biyu da suka shigo shan shayin hantsi suka tuntsire da dariya, har ɗaya ta ƙware.

"Majinar kakanki ce, ita kaɗai ya bar mini gado," in ji Inna Halimatu, ta kai wa hannun jikar ɗan duka. "Cire mini wannan kazamin yatsan, ƙawata, kafin in haɗa da shi in dama fura."

Balkisu, uwar yarinyar, tana bakin ƙofar madafi da tsintsiya a hannu. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Idonta na kan zaren nan. Tun shigowar bazara Ilham ke fama da zawo, ya tsaya kwana biyu ya dawo, ya sake tsayawa ya sake dawowa, kuma Balkisu ta rasa ta inda yake shigo mata gida.

Ba don rashin kula ba. Duk unguwar Mardjandafak an san matar Tahir mahauci da tsafta. Daga Potiskum aka kawo ta, kuma tun ranar da ta ga yadda masu kura ke turo jarkokin ruwa cikin ƙura da rana ta yanke shawarar cewa 'yarta ba za ta sha wannan ruwan ɗanye ba. Kowace safiya sai ta tafasa tukunya guda, ta bar shi ya huce a rufe, ta juye a wata shuɗiyar jarka mai murfi, irin wadda mutanen gari ke kira bido. Ba mai taɓa jarkar nan sai ita. Ko Tahir ya dawo kasuwa maƙogwaronsa a bushe, randa ake nuna masa. Kafin ta zuba sabon ruwa kuwa sai ta ɗauraye jarkar, ta girgiza, ta zubar. Ta hana yarinyar ƙanƙarar leda, ta hana ta karkanji, zoɓon nan na bakin hanya, ta yanke mata farce har sai da ta yi kuka. Abu guda ne ya rage wanda ikonta bai kai ba, shi ne ƙwaryar surukarta.

Inna Bafulatanar garin Binder ce da ta auri Bahaushe mai fataucin shanu, kuma da ƙwaryar aka kawo ta gidan. Ƙwaryar ta yi baƙi ta waje saboda hannu da hayaƙi, an ɗinke mata tsaga a gefe da zaren kaba. Cikinta kuwa akwai wani shafi mai ruwan ƙwai da ya zauna daram, kamar an yi mata daɓe. Kullum mai babur yana kawo madara daga rugagen bayan gari. Inna ta tafasa, ta jira har ta iya barin ɗan yatsa a ciki, ta juye a ƙwaryar, ta ƙara ludayi guda na kindirmon jiya, wanda take kira iri, ta rufe da faifai. Washegari sai a tarar da shi ya kwanta, mai kauri, mai yauƙi. Sabulu bai taɓa shiga ƙwaryar ba. Ruwan zafi ne kawai, sai a kife ta a rana, wani lokaci a kanga ta a hayaƙin itace.

Balkisu ta daɗe tana kallon wannan tana haƙuri. Amma daga ranar da 'yarta ta kira abin da sunan majina, sai sunan ya zauna mata a rai. Ta hana Ilham shan kindirmon, a fakaice, tana cewa ai ta ƙoshi. Inna kuma takan faki ido ta ba ta ludayi ɗaya a bayan ɗaki. Farin gashin baki da yarinyar ke fitowa da shi ne yake tona su.

"Baban Ilham," ta ce wa mijinta wata safiya yana wasa wuƙaƙensa kafin ya fita, "ka yi wa Inna magana a kan ƙwaryar nan mana. Tunda na zo gidan nan ban ga an wanke ta ba."

"Ni ma tunda na zo duniya ban gani ba," in ji Tahir, bai ɗago ba. "Ga ni kuwa, ina ɗaga cinyar sa ni kaɗai."

"Kai ba yaro ba ne."

"Dā can ba yaron ba ne? Ki bar ƙwaryar nan, Balki. Ta girme ni, ta girme ki. Zan biya in karɓo wa yarinyar magani."

Ya karɓo kuwa, wurin masu tallan magani a bakin kasuwa, waɗanda ake kira dokta-shuku. Kafso ne mai ja da rawaya, irin wanda dillalan shanu ke ɗura wa kansu da dabbobinsu baki ɗaya. Inna ma ta ce mai kyau ne. Balkisu takan buɗe kafson ta zazzage garin a cokali, ta dama da ruwan jarka, ta matse hancin yarinyar. Zawon ya lafa, ta daina bayarwa. Ya dawo, ta sake.

Ran nan aka yi rasuwa a garin Kuseri da ke ƙetaren kogi, Inna ta yafa mayafi tun da safe ta haye gada zuwa ta'aziyya. Balkisu ta tsaya a tsakar gida tana kallon ƙwaryar a kan ragaya. Da safen nan ma sau uku ta wanke wa Ilham wando. Ba da mugunta ta sauko da ita ba. Har addu'a ta yi. Ta kwarara ragowar kindirmon a rariya, ta cika ƙwaryar da ruwa, ta tsiyaya jabel, wannan ruwan mai warin asibiti da ake wanke farin kaya da shi, ta bar ta ta jiƙa. Sannan ta sa soson ƙarfe. Shafin nan ya yi gardama. Ta dirje shi har yatsunta suka yi fari suka tattare, har cikin ƙwaryar ya fito tas kamar ranar da aka fafe ta. Ta kife ta a rana, ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta.

Bayan la'asar Inna ta dawo. Ta sha ruwa, ta ba da labarin wanda ya zo da wanda bai zo ba, sannan ta nufi wurin madararta. Ta ɗauki ƙwaryar, ta juya ta, ta shafa cikinta da tafin hannu, ta kai hanci.

"'Yar nan."

"Na'am, Inna."

"Ina irin?"

"Na zubar, Inna. Na ga cikin yarinyar nan ne ya ƙi tsayawa, na ce ko..."

"To," in ji Inna.

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta yi faɗa da ya fi wa Balkisu sauƙi. Ta tafasa madarar kamar kullum, ta juye, ta rufe da faifai. Washegari da aka buɗe, ruwa ne tsararo a sama, wasu gudaje a ƙasa, ga warin jabel ga wani ɗoyi da ba na nono ba. Ko kyanwa ta sunsuna ta wuce. Inna ta zubar, ta rataye ƙwaryar, ta aika wa mai babur cewa ya dakata da kawo madara. Daga nan hantsin gidan ya zama shiru. Maƙwabta suka zo da ƙananan kwanoninsu suka koma da su wayam. Tahir ya daina zama cin abincin safe.

Balkisu ta ce a ranta za ta iya ɗaukar wannan duka, muddin yarinyar ta warke. Sai dai ba ta warke ba. Zawon ya ƙaru ma, ya zama kamar ruwa, kafson kuma ya daina ko lafar da shi. Ilham ta daina tambaya, abin da ya fi komai tsorata uwarta. Wata safiya tana yi mata wanka, jigidar da Inna ta ɗaura mata tun tana rarrafe ta zame daga ƙugunta ta sauka har idon sawu. Balkisu ta ɗauke ta ta riƙe a hannu, ta daɗe tana kallo. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ita ma ta gani.

"Ki kai ta wurin Ruƙayya," in ji tsohuwar, karo na farko tun ranar ƙwaryar da ta fara yi mata magana da kanta, ba amsa ba. "Yau Lahadi, tana gida."

Ruƙayyatu ƙanwar Tahir ce. Tana aure a unguwar Goudji, tana kuma aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a unguwar Kabalaye, inda ake duba jini da fitsari. Balkisu ta goya yarinyar duk da ta wuce goyo, ta cika 'yar gora daga shuɗiyar jarkar, ta tari tasi. Suka bi ta cikin hayaniyar kasuwa, suka fita zuwa inda sababbin gidajen bulo ke tsirowa, wasu ba rufi, wasu an riga an shiga ana shanya a kan ƙarafan gini.

"Matar Yaya, yau da wace ƙafa?" in ji Ruƙayyatu tana buɗe ƙofa. Sai ta leƙa bayan Balkisu, fara'ar ta ragu. Ta kwance yarinyar da kanta, ta ja fatar cikinta ta saki, ta duba idanunta da harshenta. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin garin gishiri da sukari na asibiti, ta dama a ruwan leda, ta fara ba ta kaɗan-kaɗan da cokali. "Gobe da sassafe ku same ni a ɗakin gwajinmu, likita ya gan ta. Yanzu faɗa mini, me kuka ba ta?"

Balkisu ta fito da ragowar kafson daga gefen zani. Ruƙayyatu ta karɓa, ta juya shi.

"Yaya ne ya sayo?"

"Shi ne."

"Ya ɗauka saniya ya haifa? Tun yaushe take sha?"

"Idan ya taso in ba ta, idan ya lafa in bari."

Ruƙayyatu ta ajiye cokalin. "Anti Balki, cikin mutum ba kango ba ne. Unguwa ce cike da jama'a. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, mu mikrob muke ce musu, sun fi mutanen garin nan yawa a cikin hanjin yarinyar nan kaɗai. Yawancinsu mutanen kirki ne. Su suke taya ta narkar da abinci, su suke tare wuri kada baƙo ya samu masauki. Kin tuna shekarar ambaliya, da mutane suka bar gidajensu a hayin kogi? Wa ya fara shiga gidajen?"

"Ɓarayi."

"To wannan kafson ambaliya ne. Ba ya tambayar waye mai gida waye ɓarawo. Akwai ciwon da dole sai da irinsa, amma likita ne zai ce wanne, kuma na kwana nawa. Ku kun yi ta sako mata ruwa kuna janyewa, mutanen kirki sun tafi, masu taurin kai sun saba."

Balkisu ta sunkuyar da kai. Can ta ce, a hankali, "Ni na ɗauka ƙwaryar Inna ce. Na wanke ta da jabel."

Ruƙayyatu ta buɗe baki ta kasa rufewa. Sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe da gefen mayafi. "Ƙwaryar Binder? Kuma kina raye? Lallai Inna na son ki. Ni ranar da na sa mata cokalin miya a ciki ina yarinya, sai da na kwana gidan maƙwabta."

"Ba abin dariya ba ne, Ruƙayya. Yauƙi ne fa a ciki. Yarinya ma ta gani."

"Na sani. Bari ki ji. Da safe kafin ki yi asuwaki, kin taɓa kankare haƙorinki da farce? Wannan farin abin da ke fitowa. Ko duwatsun bakin kogin Shari da masu wanki ke zamewa a kai. Duk abu ɗaya ne. Halittun nan ba sa son yawo ɗai-ɗai cikin ruwa. Da sun samu bango sai su manne, su yi wa kansu rufi mai santsi, su zauna a ƙarƙashi su hayayyafa. A makaranta biyofilm aka koya mana sunansa. Na ƙwaryar Inna masu tsamar da nono ne. Madarar tafasasshiya ce, su kuma sun cika wurin, tsamin da suke yi ba ya barin yawancin miyagu su zauna. Ban ce ƙwarya ba ta taɓa ɗaukar cuta ba. Tana ɗauka, idan madarar ɗanya ce ko hannu ba tsafta, irin yatsan wannan 'yar. Amma yauƙi kaɗai ba ya gaya miki waye a ciki."

Ilham ta motsa ta ce ƙishirwa. Balkisu ta zaro gorarta daga jaka.

"Wannan wane ruwa ne?"

"Nata ne. Tafasasshe." Muryar Balkisu ta ɗan dawo da ƙarfinta. A nan dai ba wanda zai kama ta da laifi. Ta bayyana yadda take yi, daga tukunya har jarka.

"Yaushe rabon da ki wanke jarkar?"

"Yau da safe."

"Wanki, ko ɗauraya?"

"Bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga. Amma ai ruwan da ke shiga tafasasshe ne, me zai ɓata ta?"

"Wa ya tafasa jarkar?" in ji Ruƙayyatu. Ta ga fuskar matar wanta ta canza, sai ta sassauta. "Ban ce ita ce ba. Ban gani ba, ban gwada ba. Gobe ki zo mini da ruwa kashi biyu, ɗaya daga tukunya kai tsaye, ɗaya daga jarkar. Zan ba ki kwalaben da za ki zuba. Yau dai ki ba ta na tukunya."

Da za su tafi, Balkisu ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. "An ce Inna ta ba ki iri ranar da aka kawo ki."

"Yana nan. A roba nake yi, a firij, ranar da aka ga dama aka kawo wuta." Ta ɗebo mata a ƙaramin kofi, ta ɗaure bakin da leda. "Ki riƙe shi tsaye. Kuma ke za ki miƙa mata, ba ni ba."

A tasi Balkisu ba ta ga hanya ba. Ranta ya ɓaci, da Ruƙayya ko da wa, ita ma ba ta sani ba. Jarkar nan ita ce abin da take nuna wa kanta duk ranar da ta ji kewar gida, duk ranar da matan unguwa suka yi Larabcinsu da sauri suka bar ta a baya. Ko ba komai, 'yarta tana shan ruwan da ya fi na kowa.

Rana ta yi sanyi suka iso. Ta kwantar da Ilham a tabarmar Inna, ta ajiye kofin a inuwa, ta wuce madafi. Ta cika kwalbar Ruƙayya ɗaya daga jarkar, ta juye sauran ruwan a ƙasa. Ta leƙa ciki, duhu ne shuɗi. Sai ta cusa yatsa ta lanƙwasa shi ƙarƙashin kafaɗar jarkar, inda roba ta lanƙwashe zuwa mariƙi. Yatsan ya zame. Ta zaro shi ta murza da babban yatsa. Santsi, kamar ruwan kuɓewa, da ɗan ƙarni irin na bakin rijiya.

Tahir ya shigo da jakar wuƙaƙensa a kafaɗa, ya same ta tsaye da yatsa a sama.

"Baban Ilham, yanka mini wannan."

"Jarkar gimbiya? Wadda aka hana ni ko kallo?"

"Yanka ta dai."

Ya dube ta, ya daina wasan. Ya zaro wuƙar da yake fasa haƙarƙari da ita, ya dafe jarkar da gwiwa, ya zagaye ta. Ta rabe biyu. Daga tsakiya zuwa ƙasa bangon a lulluɓe yake da wani shafi mai ruwan toka, kore-kore a kusurwoyi, a cikin mariƙin kuwa ya yi kauri har ya yi baƙi. Tahir ya kankara da bakin wuƙa, abin ya naɗo kamar fatar madara.

"A'uzubillahi," ya ce. "Wannan take sha?"

Balkisu ta zauna a kan turmi. Kowace safiya, da hannunta, ta tafasa ruwa mai kyau ta juye shi a kan wannan.

Inna ta taso ta zo ta duƙa, ta kalli ɓangarorin biyu. Balkisu ta jira maganar da ta cancanta. Tsohuwar ta shafa da yatsa, ta goge a ƙasa.

"Randata ma tana yin haka idan na yi sakaci," ta ce. "Sai dai ita bakinta da faɗi, soso yana shiga. Wannan kuwa wanda ya ƙera ta don mai ya ƙera ta, ba don ruwan yara ba." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Kafson kuma ni ma na ce mai kyau ne. Tashi ki ɗora tukunya, yarinya za ta farka da ƙishirwa."

Sai a lokacin Balkisu ta tuna da kofin. Ta ɗauko, ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu. Inna ta kwance ledar, ta sunsuna, ta ɗanɗana da ɗan yatsa, ta yamutsa fuska.

"Ya yi zaman Goudji, ya koyo halin can. Roba da sanyi." Ta sake ɗanɗanawa. "Amma jininmu ne. Tahir, ka gaya wa mai babur gobe ya kawo."

Washegari likita ya duba Ilham, aka karɓi bayan gidanta aka gwada. Ya hana kafson, ya rubuta abin da ya dace da abin da aka gani, ya ƙara da ruwan gishiri da sukari da wasu ƙananan ƙwayoyin zinki. Ya ce ta ci abinci, kada a hana ta, kindirmo ma ta sha in dai an tafasa madarar. Bayan 'yan kwanaki Ruƙayyatu ta turo hoto a waya, faranti biyu na gilashi da ta gwada ruwan a kansu. Na ruwan tukunya fes. Na ruwan jarka ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. A ƙasa ta rubuta: Gaishe da gimbiya, a ce mata Goggo ta ga baƙin da suka sauka a jarkarta.

Warkewar ba ta zo da gudu ba. Ruƙayyatu ta ce unguwar da ambaliya ta share ba ta cika a yini guda, masu gida sai sun dawo ɗaya bayan ɗaya. Balkisu ta sayi bokiti mai faɗin baki da murfi da ɗan famfo a ƙasa, wanda hannunta ke shiga har gindi. Takan sa masa soso da sabulu, ta bi famfon da tsinke da ƙyalle, ta kife shi a rana ya bushe ƙarau kafin ta zuba wani ruwan. Jarkokin gidan da ba yadda za a yi da su, ta koyi zuba musu tsakuwa da ruwan sabulu ta girgiza har kafaɗunta su yi ciwo, sannan jabel ya biyo baya. Ta gane cewa jabel ɗin ma ba ya kai wa ga na ƙarƙashi sai an fara fasa musu rufin.

Tsohuwar ƙwaryar ba ta dawo ba. Inna ta cika ta da toka, ta shanya, ta kanga a hayaƙi, warin ya ƙi fita daga cikin ɓargonta. A ƙarshe ta mai da ita ma'aunin gero. Balkisu ce ta je kasuwa ta zaɓo sabuwa, Inna ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce ba laifi. Kindirmon farko ya kwanta, amma tsararo ne, tsaminsa da kaifi. Maƙwabta suka karɓa suka yi godiya, ba su yaba ba. Duk lokacin da Balkisu ta ga surukarta tana awon gero da baƙar ƙwaryar nan mai ɗinkin kaba, sai ta kau da kai. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma Balkisu ta san ba za ta tayar ba.

Ruwan farko ya sauka, gari ya yi laka, kafin wata safiya a ji muryar nan da ba ta iya ƙasa-ƙasa ba.

"Kaka, ina majinar ta tafi?"

"Tana hanya," in ji Inna. "Daga Binder take tahowa, a ƙasa. Je ki wanke hannu ki kawo ludayi, kada in ga yatsa."

Ilham ta ruga wurin buta. Jigidar tana ƙugunta, tana tsalle tare da ita, ba ta zame ba. Da Inna ta ɗaga ludayin, wani ɗan siririn zare ya biyo shi, gajere, ya tsinke. Tsohuwar ta kalli Balkisu ta gefen ido, Balkisu ta kalli zaren, kowacce ta koma kan aikinta.

Ke da kike karanta wannan, idan akwai yaro a gidanki, ajiye takardar ki je inda kike zuba masa ruwa. Kada ki tsaya ga kallon waje, kada ki ce ai tafasasshe ne. Sa yatsa a ciki, can ƙarƙashin kafaɗa, cikin murfi, bakin famfo, cikin tsinken gorar makarantarsa. Idan kin ji santsi, wannan ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an dirje. Mazubin da hannunki ko soso ba ya kaiwa gindinsa, kada ki ba shi amanar cikin ɗanki. Zawo idan ya wuce ya dawo, ki fara da ruwan gishiri da sukari ki nufi asibiti, kada ki buɗe masa kafson bakin kasuwa. Kuma kafin ki ɗauki jabel ki nufi ƙwaryar wata, ki fara duba jarkarki.